MOTAR LANTARKI: WACE WUTA ZA TA SHA, DA ƘARFE NAWA?

Tun ran 29 ga Mayu 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwa cewa tallafin man fetur ya ƙare, maganar mota mai tafiya da lantarki ta bar bakin masana ta shiga bakin kowa. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne. Litar man da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta ƙetare naira 1,000 a garuruwa da yawa. Duk ma'aikacin da rabin albashinsa ya ke ƙarewa a gidan mai, tilas ya kasa kunne in an ce masa ga motar da ba ta shan mai.

Motar ma ta riga ta iso. A ƙarshen 2020 aka nuna wa jama'a Hyundai Kona mai batir wadda aka harhaɗa a Ikko. Cikin watan Afrilu 2021 aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, sa'an nan aka yi irinsa a jami'o'in Ikko da Nsukka. A Disamba 2023 aka ƙaddamar da motocin haya a Maiduguri, bas da tasi, waɗansu na lantarki waɗansu na iskar gas. A Oktoba 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗauke wa motocin lantarki harajin sayen kaya. Saboda haka lokacin gardama a kan ko za ta zo ya wuce.

Masu magana a kan wannan al'amari sun kasu gida biyu. Waɗansu suna cewa, ƙasar da ba ta iya kunna wa ɗan makaranta ƙwan fitila ya yi karatun dare, ina ita ina ciyar da mota? Waɗansu kuwa suna cewa ai Turawa sun yi, wutarsu ba ta faɗi ba, mu ma mu bi sahu kawai. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma a ganinmu dukansu sun tsallake inda gizo ya ke saƙa. Yawan wutar da motocin nan za su sha a shekara ba shi da wani ban tsoro. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, da ƙarfe nawa za su sha ta, kuma a kan wace taransifoma. Wanda ya amsa wannan ya amsa ko wutarmu ta shirya.

LISSAFI IRIN NA AJI

Da ya ke yawancin masu karanta wannan shafi malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis, waɗanda lissafi ba ya firgita su, bari mu ɗauki alli.

Ƙarfin da wani abu ya ke jan wuta da shi, da kilowat a ke auna shi. Dutsen guga na lantarki ya kan ja kamar kilowat ɗaya. In ya yi sa'a guda yana aiki ya sha yunit ɗaya ke nan, watau irin yunit ɗin nan da a ke saye a zuba a mita. Kilowat 1,000 shi ne megawat ɗaya. To, ƙaramar motar lantarki ta kan sha yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Mu ɗauki 18. Ma'aikacin da ya ke yin kilomita 40 a yini, daga gida zuwa ofis, ya sauke yara a makaranta, ya biya kasuwa, bukatarsa yunit 7 ce ko ɗan fiye. Ba ta kai abin da na'urar sanyaya ɗaki guda ta ke sha in ta kwana a kunne ba.

Ga kuma riba. A Afrilu 2024 aka kai kuɗin yunit naira 225 ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar sa'a 20 a yini, daga baya aka ɗan rage. Ko da wannan farashi mai tsada, kilomita 100 ya tashi naira 4,050. Motar fetur mai shan lita 8 a wannan tafiya, sa'ad da lita ta ke naira 1,000, ta ci 8,000. Rabi ke nan. Direban haya ba ya bukatar wani ya yi masa wa'azi a kan hayaƙi da ɗumamar duniya kafin ya gane wannan.

Amma fa akwai wani gefen. Na'urar cajin da a ke kafa wa mota a bangon gida ta kan ja kilowat 7. Watau dutsen guga bakwai a kunne gaba ɗaya. Ta bakin hanya mai saurin cikawa kuwa daga kilowat 50 ta ke farawa, akwai mai 150, akwai mai 350. Motar ba ta da ci da yawa, sai dai loma ce da ita babba.

Kowane akawu ya san abin da a ke nufi. Ranar biyan albashi kuɗin da ke cikin baitulmali ya isa a biya kowa har ya yi saura. In ma'aikata suka zo ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa la'asar, ma'aji ya sallame su ba gumi. In kuwa duka suka taso da ƙarfe goma suka dafe taga ɗaya, sai a karya tagar, alhali kuwa ko kwabo bai ɓace daga cikin kuɗin ba. Haka wutar lantarki ta ke, har ma ta fi tsanani, domin ita ba a tara ta a akwati a jira. Abin da a ke ja a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙar a ke samar da shi.

Mu ƙaddara akwai motocin lantarki 100,000 a ƙasar nan, kowace tana bukatar yunit 7 ɗin nan. In duk masu su suka komo gida da magariba suka soka waya a lokaci guda, za su ja megawat 700. Wannan shi ne dukan ƙarfin madatsar ruwa ta Zungeru, kuma ya yi kusa da na Kainji mai megawat 760, wadda aka gama ginawa a kan Kogin Kwara a 1968. In kuwa aka baza wannan caji a kan sa'a goma, megawat 70 kawai za a nema. Motocin ba su ragu ba, tafiyarsu ba ta ragu ba, amma nauyin ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma.

ABIN DA INGILA TA YI

Ya kamata mu leƙa Ingila, domin can an daɗe ana fama da wannan lissafi, kuma abin da suka yi a rubuce ya ke cikin doka. A farkon 2024 yawan motoci masu batir zalla da aka sayar a ƙasar ya cika miliyan ɗaya, kuma cikin wannan shekara kusan ɗaya daga kowace sabuwar mota biyar ta lantarki ce. Kamfanin National Grid, mai manyan wayoyin wutar Ingila, ya taɓa ƙiyasta cewa ko da kowa ya koma motar lantarki dare ɗaya, bukatar wuta ba za ta ƙaru da fiye da kimanin kashi goma cikin ɗari ba. Dalilinsu kuwa, tun wajen 2002 jan wuta a ƙasar ya ke raguwa, saboda sababbin fitilu da kayan gida ba su da ci kamar na da. Ke nan motar ta tarar da wuri a shimfiɗe.

Duk da haka ba su sake jiki ba, don sun san halin mutanensu. Ran 4 ga Yuli 1990 Ingila ta kara da Jamus ta Yamma a wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya. Da aka gama bugun daga kai sai mai tsaron gida, miliyoyin mutane suka tashi daga gaban talabijin a tare, wannan ya kunna fitila, wancan ya ɗora butar shayi ta lantarki. Cikin 'yan mintoci jan wuta ya ɗaga da megawat 2,800. Wannan tsalle guda ya fi rabin dukan wutar da Nijeriya ta kan raba a rana mai kyau. To, in butar shayi mai aikin minti uku ta iya yin haka, yaya motar da za ta yi sa'o'i tana ja?

Saboda haka suka yi doka, ta fara aiki ran 30 ga Yuni 2022. Duk na'urar caji da za a sayar don gida ko wurin aiki, tilas ta zama mai iya karɓar umurni ta intanet. Tilas kuma ta fito daga masana'anta a saite yadda ba za ta yi caji ba daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe, da kuma daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare, a ranakun aiki. Mai mota yana da iko ya sake saitin in yana da uzuri, ba a ɗaure hannun kowa ba. Amma masu dokar sun san yawancin mutane yadda suka sami abu haka su kan bar shi.

Akwai wani ɗan sashe na dokar da ya fi ba mu sha'awa. Sun lura cewa in aka ce kowa ya jira ƙarfe 10, to, da ƙarfe 10 daidai dubban na'urori za su tashi gaba ɗaya, an gudu ba a tsira ba. Don haka aka sa kowace na'ura ta yi ɗan jinkiri na ganin dama, wanda ba ya wuce minti goma, wannan ta fara bayan minti biyu, waccan bayan bakwai. Kamar dai yadda shugaban makaranta mai hankali ba ya sakin aji goma su fita ta ƙofa ɗaya da bugun ƙararrawa guda.

Bayan doka sai lada. Tun 1978 a ke sayar wa gidajen Ingila wutar dare da rahusa, kuma yanzu waɗansu kamfanoni sun ware wa masu mota sa'o'in tsakar dare a kan kuɗin da bai kai sulusin na rana ba. Mutum ya soka waya da magariba ya tafi harkarsa, na'ura ta jira sai gari ya yi tsit, da asuba ya tarar da batir a cike.

Inda har yanzu su ke kashe kuɗi shi ne cikin unguwanni. Sa'ad da aka shimfiɗa wayoyinsu, an yi lissafi a kan cewa gida ɗaya, in an haɗa shi da maƙwabta an raba, ba zai wuce kilowat 2 ba a lokacin cunkoso. Yau ga gida guda yana neman 7 saboda mota kaɗai. A Jamus ma nan ne ƙullin ya ke. Tun 1 ga Janairu 2024 dokarsu ta hana kamfanin wuta ya ƙi haɗa wa mutum na'urar caji da hujjar cewa layin unguwa ya cika. A maimakon haka an ba kamfanin izni, in layi ya yi nauyi, ya rage ƙarfin na'urar zuwa kilowat 4.2 na ɗan lokaci, shi kuma mai gida a rage masa kuɗin layi.

MU KOMO GIDA

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Mutanen da wutarsu ta kan haura megawat 40,000 da hunturu, alhali ba su kai miliyan 70 ba, su ne su ke wannan taka-tsantsan. Mu fa? Mun fi mutum miliyan 200. Injunan da aka kafa mana, a kan takarda sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da ya ke isowa ga jama'a ya kan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000. Da aka kai kimanin 5,800 a watan Maris 2025 sai da aka yi shela. Fiye da mutum miliyan 80 ba a ma kai musu waya ba tukuna. Cikin 2024 kaɗai babban layin wuta na ƙasa ya faɗi kimanin sau goma sha biyu.

Arewa kuwa nata ya fi na kowa, don yawancin wutar ƙasar daga injunan iskar gas ta ke fitowa, su kuwa galibinsu a Kudu su ke, sai an jawo ta ta ɗaruruwan kilomitoci a kan 'yan layuka ƙalilan. A Oktoba 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai wanda ya biyo ta Makurɗi shi ma ya sami matsala, jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Maiduguri tun Janairu 2021 aka yanke ta da aka fasa turakun layin Damaturu, ta daɗe a haka, har aka buɗe mata tashar gas mai megawat 50 a Maris 2023. Wanda motarsa ta dogara ga wannan layi kaɗai, ranar da layin ya faɗi ya rasa fitila ya rasa abin hawa.

To, a nan ne mu ke so a yi hattara da kwaikwayo. Maganin Ingila shi ne dare, domin da dare wutarsu ta ke yin saura. Mu ba mu da wannan saura. Da bazara fanka da na'urar sanyi kwana su ke yi suna aiki, kuma abin da masana'antu suka saki da dare akwai unguwanni goma da ke jiransa tun safe. In muka kwafo dokarsu harafi da harafi muka ce kowa ya yi caji da tsakar dare, mun ɗauki wutar da mai jego ta ke jira ta kunna fanka mun ba mota. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne hikimar, watau a tura mota ta sha a lokacin da wuta ta fi yawa. Lokacin kuwa kowace ƙasa da nata.

Kafin mu zo kan namu lokacin, mu tsaya a gindin taransifomar unguwa, gama nan ne rigimar za ta fara ɓarkewa. Taransifoma mai lamba 300, irin wadda a ke gani a kan dakali a bakin layi, abin da ta ke iya ɗauka lafiya bai wuce kilowat 240 ba. Da yawansu sun riga sun ɗauki fiye da ƙarfinsu, shi ya sa a ke yi wa layuka karɓa-karɓa, shi ya sa kuma ƙwan fitila ya kan yi ja kamar garwashi da magariba. Motoci 20 kacal, kowace da kilowat 7, sun ci 140, fiye da rabin ƙarfinta. Ba sai an jira motoci 100,000 ba. Attajirai ashirin a unguwa ɗaya sun isa. In ta ƙone kuwa, kowa ya san yadda a ke yi. Ko da ya ke ƙa'ida ta ɗora gyaran a wuyan kamfanin rarraba wuta, sau da yawa mai unguwa ne ya ke bi gida gida da takarda ana karo-karo, tela ya ba da, mai niƙa ya ba da, gwauruwar da ƙwai biyu gare ta ita ma ta ba da.

Akwai kuma batun mita. Kimanin rabin masu shan wuta a ƙasar nan ba su da ita, kuɗin ƙiyasi a ke kawo musu, wanda a kan yi lissafinsa bisa ga abin da layinsu ya sha. In mai mota ba shi da mita, yunit 200 da motarsa za ta sha a wata ba za su ɓace ba, za su watsu cikin takardun maƙwabta. Malamin firamare mai zuwa aiki a kan keke ya shiga biyan kuɗin tafiyar wani ke nan bai sani ba. Wannan zalunci ne, kuma tun yanzu da motocin ba su yi yawa ba ya fi sauƙin toshewa.

MAI RABA ƘAFA

Waɗansu za su ce ai akwai mafita, ga mota mai raba ƙafa, wadda ta ke da injin fetur ta ke kuma da batir da a ke caji daga bango. Batirinta ƙarami ne, yawanci yunit 10 zuwa 25, ya kan kai ta kilomita 40 zuwa 100, in ya ƙare inji ya karɓa. Kada a haɗa ta da wadda injinta ne kaɗai ya ke cika mata ɗan batirinta, wannan ba ruwanta da wutar gari. Lalle ga mai doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Yola, mai raba ƙafa tana da hujja. Ta wajen taransifoma ma ta fi sauƙin hali, don da soket ɗin gida a kan cika ta a hankali, kilowat 2 ko 3.

Sai dai Turai ta gwada ta, an ga abin da ya fito. A Maris 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga ma'aunin man da ke jikin motocin da aka yi wa rajista a 2021. Aka tarar hayaƙin da masu raba ƙafa su ke fitarwa a kan hanya ya ninka abin da aka rubuta musu a ɗakin gwaji sau uku da rabi. Dalili kuwa, masu su ba su cika yin cajin ba. Wani bincike na 2022 ya nuna masu motar kansu kamar rabin tafiyarsu su ke yi da batir, amma waɗanda kamfani ya ba mota ya ke kuma biya musu kuɗin mai, kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari kawai. In haka ta faru inda wuta ba ta ɗaukewa, mu yi tunanin inda sai an yi sa'a. Mai raba ƙafar da ba a caji motar fetur ce mai yawo da dakon batir. Muna roƙon duk ma'aikatar da ke shirin sayen irinta don manyan ma'aikata ta fara tanadin wurin caji, in ba haka ba an biya kuɗin inji biyu ana morar ɗaya.

Mai cewa zai ta da janareta ya cika motarsa kuwa, ya sake lissafi. Ƙaramin janareta na fetur ba ya ba da fiye da yunit 2 daga kowace lita. Yunit 18 na kilomita 100 sun ci lita 9 ko 10 ke nan, sun wuce lita 8 da motar fetur za ta sha kai tsaye, ga ƙara ga hayaƙi a tsakar gida.

RANA TSAKA

Lokacin da wuta ta ke iya yi mana yawa shi ne daga hantsi zuwa la'asar, kuma daga sama ta ke saukowa. A Arewa farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya su kan ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. Ma'aikacin nan mai bukatar yunit 7, faranti huɗu manya masu wat 500 sun ishe shi, ba su ma rufe rumfar da zai ajiye motar ba. Motarsa kuwa me ta ke yi daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 4? Tana tsaye a harabar ofis rana tana dukanta. A yi mata rumfa da farantai, ta sami inuwa, wadda batir ya ke so domin zafi yana rage masa kwana, ta kuma sha wutarta ba ta taɓa taransifomar kowa ba. Ba a ma bukatar babban batirin ajiya mai tsada, gama motar ita ce ma'ajin. Aikin da ya rage shi ne a sa mai goge ƙura da hunturu, don faranti mai ƙura rowa gare shi. Waɗanda suka kafa tashar nan ta Sakkwato a kan hasken rana sun kama hanya.

Makarantu da sakatariyoyi da asibitoci su ne masu faɗin rufi da fili. Makaranta ma ta kan tashi da azahar, tana da hutun mako da na zango, farantanta suna zuba wuta ba mai sha. In aka tsara abin da gaskiya, aka riƙe littafin kuɗinsa da kyau, abin da masu caji za su biya ya iya sayen alli da gyaran benci.

Za a ce, direban haya fa, wanda da rana ya ke nema? Gaskiya ne, kuma shi ne ya fi kowa bukata, don a garuruwanmu babur da A Daidaita Sahu su ne motar talaka. Maganinsa musayar batir. Batirin babur yunit 3 ko 4 ne, mutum ɗaya ya ɗauke shi da hannu. Direba ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci, wanda ya bari ya zauna a rumfa yana shan rana. A Kigali ta ƙasar Ruwanda 'yan acaɓa da yawa da haka su ke aiki. Manyan bas kuwa da tashoshin saurin caji na bakin hanya, waɗannan sai a ba su taransifomarsu ta kansu daga babban layi, kamar yadda a ke yi wa masana'anta, kada a rataya su a wuyan unguwa.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi iko su tsara kasuwar wutarsu da kansu, saboda haka ba sai an zuba wa Abuja ido ba. Abin da mu ke nema a wurin hukuma kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. Duk wanda zai kafa na'urar caji da ta wuce ƙarfin soket ɗin gida ya sanar da kamfanin wuta tun kafin ya kafa, a zo a duba taransifomarsa, a rubuta a littafi. Kada a haɗa wa kowa irin wannan na'ura sai yana da mita. A sa farashin yunit ya bambanta bisa ga lokaci, ya yi sauƙi da rana, ya yi tsada daga magariba zuwa ƙarfe goma, yadda aljihu zai yi aikin ɗan doka. Kamfanin da aka sanar da shi kuwa a yanka masa kwanakin da zai ba da amsa, don kada rajista ta zama wata sabuwar ƙofar cin hanci.

Saura masu aikin hannu. Batirin motar lantarki ya kan kai bolt 400, waɗansu 800, alhali makanikanmu da batir mai bolt 12 suka saba, wanda a ke taɓawa da hannu ba komi. Wayar gidajenmu da yawa kuma siririya ce, an ja ta don fitila da rediyo, in aka sa ta ɗauki kilowat 3 sa'a shida a jere sai ta yi zafi cikin bango. Makarantun koyon sana'a da kwalejojin horon malamansu ya kamata su shigar da wannan cikin manhaja tun bana, domin yaron da aka ɗauka yau sai bayan shekara uku zai fito da takardar shaida.